Ɗakin da Ba a Haƙa Ba

Ƙarfe takwas da rabi na safiyar Asabar, Sufeto Abdulmalik bai kai ga kurɓar shayinsa ba, wata farar a-kori-kura ta ja birki a ƙofar caji ofis na Bukkuyum kamar an biyo ta. Wani saurayi ya diro, riga cikin wando, katin aiki na lilo a wuyansa, waya biyu a hannu. Ko sallamar kirki bai yi ba.

"Ni ne Injiniya Nuraddeen, manajan aikin kwashe ƙasa na Tungar Maje. An yi mana sata. Ina so a kama ma'aikatana."

Sufeto ya dube shi daga takalmi zuwa ƙeya. "Su nawa na?"

"Arba'in da uku."

"Sel ɗinmu mutum shida shika ɗauka, shi ma sai sun yi haƙuri da juna. Zauna ka hwaɗa min abin da anka ɗauka."

Duk wanda ya zauna ƙasar nan ya san aikin kwashe ƙasa. Shekara biyu ke nan da aka gano abin da ke ɗauke yara a 'Yargalma da Sunke: dutsen zinariya ne da mutane ke kawowa gida su daka, ƙurarsa cike da gubar dalma, yara na rarrafe a kai suna kai hannu baki. Tungar Maje ba a waiwaye ta ba sai bana. Wani kamfani ya karɓi kwangilar haƙe tsakar gida da ɗakuna, a kwashe tsohuwar ƙasa, a zuba ja mai tsabta. In an gama, sai a ɗora wata na'ura a ƙasa ta faɗi ko gubar ta fita. Ita aka sace, da akwatinta ruwan ɗorawa.

"Yau ya kamata mu fara gwajin ƙarshe, gida-gida," in ji Nuraddeen. "Jibi Litinin likitoci za su zo daga Anka. Ba sa fara ba yaro magani sai kowane gida ya ci gwaji, don in ya koma kan gubar an yi aikin banza. Idan ba takarda ranar Litinin, za su wuce wani ƙauye wajen Gummi. Kuma ruwa na sauka rafi zai raba mu da garin sai bayan damina. Yara sittin da ɗaya ne a jerin, Sufeto."

"A kawo wata na'urar mana."

"Daga waje ake kawo ta. Sati shida."

Sufeto ya ture kofin shayin. "Ma'aikatanka sun san da maganar Litinin?"

"Ba huruminsu ba ne. Suka ji ana sauri, gobe za su ajiye shebur su ce sai an ƙara musu."

Sufeto ya ɗauki hularsa, ya kira Kofur Sa'a, mace ɗaya tilo da ke ofishin, wadda ba ta da yawan magana amma ido gare ta kamar na mai zaɓen tsakuwa a shinkafa.

Ofishin kamfanin wani gidan haya ne a bakin gari. Leburori na zaune a gindin darbejiya, shebura jingine da bango. Da manaja ya sauko daga mota babu wanda ya miƙe, babu wanda ya ce masa ina kwana. Wani ma tofar da yawu ya yi gefe, a hankali, yadda ba za a ce da wani yake ba.

A bakin ƙofa an kafa na'urar dangwala yatsa, wadda kowa zai taɓa in ya zo, ya taɓa in zai tafi. Nuraddeen ya nuna ta da alfahari.

"Madalla," in ji Sufeto. "To ta gaya muna wa yas shigo jiya."

"Ai... ranar Juma'a ana kashe janareta daga ƙarfe ɗaya zuwa uku."

"Makullin sito hwa?"

Manaja ya nuna wata ƙusa a bayan ƙofa. Ga makulli nan rataye, kowa na ganinsa. Mai na'urar yatsa ke nan, wai zamani.

Mai aiki da na'urar gwajin wata budurwa ce, Firdausi. Idanunta sun kumbura, don tun da asuba manaja ya fara ɗora mata laifin.

"Yaushe kika rabu da ita?"

"Jiya sha biyu da rabi, Yallaɓai. Na saka ta akwati, na kulle sito, na tafi gida. Yau da safe na tarar da wurin wayam."

"Mi kuma anka ɗauka?"

"Ba komai. Ga kwamfuta can a kan tebur ba a taɓa ba. Ga cajarta ma." Ta nuna wata baƙar igiya mai ƙaton kai, maƙale a bango, taku biyu daga ƙusar makullin.

"Ana samun irin cajar ga a kasuwa?"

"Ko a Kano ba ka samu. Batirin kuma wuni guda yake yi."

Sufeto ya tsaya yana kallon cajar. Ɓarawon da zai sayar da doki ba ya barin linzami a rataye. Wanda ya ɗauki na'urar nan ba amfani da ita yake so ya yi ba, so yake kada a yi amfani da ita.

Nuraddeen bai yarda da wannan ba. Shi tun a mota ya yanke hukunci. "Bello direba ne. Yayansa mai haƙar zinariya ne. Na'urar nan tana nuna zinariya a jikin dutse, kowa ya sani. Ku matse shi kawai."

Aka shigo da Bello, gajere mai ƙaton ciki, yana zare ido.

"Ina kake jiya daga ƙarhe ɗaya zuwa ukku?"

"Masallaci, ranka shi daɗe. Sahun gaba."

"Motar kamfani hwa?"

"Tana nan aje. Ko taɓa ta ban yi ba."

Kofur Sa'a ta leƙo ta taga. "Yallaɓai, bayan motar duk kashin awaki na, ɗanye. Ga igiyar ɗaure ma an manta."

Sufeto ya buga tebur da tafin hannu, har kwamfuta ta yi tsalle.

"Kamfanin ga awaki shika kwashewa ko ƙasa? Ka maishe ni yaro?"

"Tsaya, Yallaɓai, in hwaɗi gaskiya! Awakin wani mahauci nik kai mishi Nasarawa. Ɗan abin cefane nika samu, tunda wanga," ya nuna ƙofar manaja da haɓa, "ko ruwan sha bai barin mutum shi sha da daɗi. Ka tambayi mahaucin, tare munka yi salla can. Amma na'ura, wallahi ban taɓa ta ba. Yayana ya yi min maganarta, nic ce mai ba ni shiga gidan yari don dutse."

"Wa kake zato?"

"Duk wanda ka gani gindin iccen can yana da dalili. Mutum ya makara minti goma don ya kai ɗiyanai asibiti, a yanke mai rabin wuni. Dattijo kamar Malam Lirwanu, helma guda mai shugabantar ayarin leburori, sa'an ubanai, ya tsai da shi gaban leburori ya wanke shi tas."

"A kan mi?"

"Shi dai Malam roƙo ya yi a canza mai gida guda cikin gidajen da anka ba ayarinai. Sau ukku yana roƙo. Na ukkun ne manaja yac ce in ba shi iyawa ya aje aikin, akwai mutum ɗari a layi."

"Wane gida?"

"Mai lamba arba'in da huɗu." Bello ya rage murya. "Gidan surukanai na."

Sufeto ya sallame shi, ya tura ƙofar manaja ba tare da ƙwanƙwasawa ba. Ya tarar da shi yana magana a waya ɗaya, ɗayar na kuka a tebur.

"Don mi ba ka gaya min rigimarka da Lirwanu ba?"

"Wace rigima? Ƙa'ida ce. Kwamfuta ta raba gidaje tsakanin ayari uku, ba ta san ɗan kowa ba. Abin da nake so ke nan."

"Kai ba Bahaushe ba ne? Ba ka san mutum bai shiga ɗakin surukuwatai ba?"

Nuraddeen ya miƙe, jijiyar wuyansa ta tashi. "A Anka aka haife ni, Sufeto, na san surukuta. Amma ka zauna kujerar nan kwana ɗaya ka gani. Sati na farko masu faɗa-a-ji suka aiko min sunaye saba'in in ɗauka aiki, rabinsu ba su iya riƙe shebur ba. Na ƙi, na zama marar mutunci. Wannan ya ce ba ya aiki ƙarƙashin wancan don kakansa bawan kakansa ne. Wancan ya ce ba ya shiga gidan wane don sun yi shari'ar gona. Ranar da Malam Lirwanu ya zo min, mutum tara na tsaye bayan ƙofa suna jiran su ji na ce to. Na canza wa ɗaya, aikin ya watse. Daga sama kuma kullum waya, ina rahoto, ina hoto, me ya sa aka makara. Su can suna ganin ni malalaci ne, su nan suna ganin ni Fir'auna ne. Wa zan bi?"

Gaskiya ba duka maganarsa ce banza ba, kuma Sufeto ya san haka, don shi ma yana da na sama da na ƙasa. Sai dai akwai mai gaskiyar da in yana magana kana jin kamar ka mare shi.

"Wa ya sa hannu cewa an gama gida arba'in da huɗu?"

"Helman ayarin. Lirwanu."

"Kai ka je ka gani?"

"Gida tamanin da shida ne. Ina da ido nawa? Don haka ai na ce za a gwada kowane ɗaki, ba tsakar gida kaɗai ba."

"Yaushe ka sanar da haka?"

"Alhamis da yamma."

Malam Lirwanu dogo ne, siriri, gemunsa ya fara furfura. Ya shigo da sallama, ya tsuguna, sai da aka ce ya hau kujera. Bai kalli manaja ba ko sau ɗaya.

"Malam, jiya ina kay yi Juma'a?"

"Babban masallaci, ranka shi daɗe. Nan cikin gari."

"Ni ma can niy yi. Ban gane ka ba."

"Jama'a da yawa. Waje nis samu wuri."

"Haka na. Liman kuwa ya ja huɗuba jiya."

"Ai halinai na, Allah shi ƙara mai lahiya. In ya hau mumbari bai son sauka."

"An gama gida arba'in da huɗu?"

Hannun Lirwanu ya kai ga gemunsa. "An gama."

"Duka?"

"Na sa hannu, Yallaɓai."

"To je ka. Kada ka yi nisa."

Da ya fita Kofur Sa'a ta matso. "Yallaɓai, ba liman na kwance Gummi tun Laraba ba?"

"Na'ibi yaj ja mu, huɗubar ko minti goma ba ta kai ba." Ya gyara bel ɗinsa. "Ce ma Bello shi tada mota. Ki kira ofis a turo 'yan sanda biyu su zauna da Malam, su taho da shi bayanmu."

Tungar Maje ba ta yi maraba da su ba. Maza na zaune a inuwar masallaci, suka amsa sallama a ciki-ciki. Mutanen da aka haƙe musu ɗaki, aka hana su daka dutsen da ke ci da su, ba za su yi wa kaki dariya ba. Kowane gida da lambarsa da jan fenti a jikin zaure.

A zauren gida arba'in da huɗu Sufeto ya tsaya, don iyakar namiji baƙo ke nan. Mai gidan ya rasu shekara uku, sai tsohuwarsa, Inna Saude. Kofur Sa'a ta yi sallama ta shiga.

Ba a daɗe ba muryar tsohuwar ta tsallako danga.

"Wa ya aiko ki? 'Yan sanda cikin gidana! Sata niy yi ko kisan kai?"

"Inna, ɗakinki kawai za ni dubawa."

"Ba ki shiga! An haƙe min tsakar gida, an haƙe madahi, ban ce komi ba. Ɗakin ga da hannuna niy yi daɓenai shekarar da anka kawo ni. Nan nih haihi tara. Ko mijin ɗiyata da anka turo ya san mutunci, bakin ƙohwa yat tsaya, kainai ƙasa, ya juya. Ke wace ce?"

Sufeto ya ji ƙarar labulen kara, ya ji tsohuwar na ta zuba zagi har da na iyaye. Ya jingina da bango yana jira. Rana ta take, can gabas kuma wani baƙin hadari ya fara haɗuwa, abin da bai so gani ba.

Kofur ta fito da hannu biyu a dunƙule. Ta buɗe na dama: jar ƙasa sabuwa. Ta buɗe na hagu: ɓallin tsohon daɓe, baƙi, mai sheƙi.

"Jar a bakin ƙohwa kawai anka barbaɗa, Yallaɓai, taku guda. Daga nan har ƙarƙashin gado tsohon daɓe na, ko shebur bai taɓa shi ba. Bayan gado akwai turmi da dutsen niƙa. A ɗakin take daka dutsen, don kada a gani."

"Ita kaɗai ka kwana ciki?"

"Akwai yarinya, ba ta wuce shekara huɗu ba. Kwance take kan tabarma a ƙasa. Tsohuwar ta ce sati biyu ke nan ƙahwahunta ba su ɗaukarta, wai iska na. Na kira ta, ko motsi. Dija sunanta. Jikanyarta ta, tun yaye anka kawo mata."

"Ɗiyar wa?"

"Ɗiyar Malam Lirwanu. Ta hwari, sai da girma ya samu haihuwa."

Sufeto ya ji ransa ya ɓaci, ɓacin da ya daɗe bai ji irinsa ba. Ya aika Bello ya koma ya ɗauko manaja da Firdausi.

La'asar ta kusa lokacin da aka tsugunar da Lirwanu a gindin wata tsamiya, nesa kaɗan da gidan, don ya ce ko za a harbe shi ba ya shiga zauren. Sufeto ya ajiye ɓallin daɓen a gabansa.

"Ka san wanga?"

Lirwanu ya dubi ɓallin, ya sunkuyar da kai.

"Liman na asibiti tun Laraba. Ba ka je masallaci ba. Ka jira anka kashe janareta, kowa ya tahi, ka ɗauki makulli a ƙusa. Cajar na gabanka ka bar ta, don ba saidawa za ka yi ba. Alhamis anka ce za a gwada kowane ɗaki, kai kuma ka san ɗakin da ka sa ma hannun ƙarya. Ina na'urar?"

"Ban san zancen da kake ba."

"Malam, da gemunka!"

"Ka kai ni kotu, Yallaɓai. Can ni yi magana." Sai a lokacin ya ɗaga ido ya kalli Nuraddeen, kallon da ya fi zagi. "Amma ba gaban wanga yaron ba."

Nuraddeen ya yunƙuro. "Ka ji ko? Ɓarawo ne, kuma..."

"Rufe min baki!" Sufeto ya daka masa tsawa, har tsuntsaye suka tashi daga tsamiyar. Ya juyo ga Lirwanu, ya sassauta murya. "Kotu sai Talata. Ka san abin da za a yi Litinin?"

"Mi za a yi?"

"Likitoci za su zo daga Anka da magani. In ba takardar gwaji, su wuce. Dubi gabas. Ruwan can ya sauka, ba mai ƙetare rahin ga sai an yi girbi. Yara sittin da ɗaya. Firdausi, wa ke saman jerin?"

Firdausi ta buɗe fayil. "Dija Lirwanu. Gida arba'in da huɗu. Jininta ya fi na kowa."

Lirwanu ya dubi manaja, wannan karon ba da ƙiyayya ba, da tsoro.

"Litinin? Wagga Litinin? Ba ka ce muna ba."

Nuraddeen ya kau da kai.

"Ba ka ce muna ba!" Muryar dattijon ta fashe. "Kwana huɗu kawai nika so! Ran Laraba tsohuwar za ta tahi biki Gummi, ta yi sati. Nic ce in ta tahi in shiga da yarana mu haƙe ɗakin, mu zuba ja, in maida na'urar inda nid ɗauke ta, ba wanda ya ji. Na ɗauka ko wata guda anka ƙara ba komi. Wa ya gaya min akwai rana?"

"Kai ka ɗauka ke nan."

"Ni na ɗauka." Hawaye suka bi gemunsa. "Ƙaƙa za ni yi, Yallaɓai? Shekara shida ina auren ɗiyarta, ban taɓa haɗa ido da ita ba. In na hango ta a hanya daji nika ratsawa. Sai in shiga ɗakinta da takalmi, in ɗaga gadonta, in ce a hwasa? Sau ukku ina roƙon yaron ga ya ba wani ayari. Gida guda! Ya ce kwamfuta."

"Kuma ka san yarinyar na kwana a ƙasan."

"Na san... yarinyar can na wurinta." Ko yanzu bakinsa bai iya kama sunan ba, don 'yar fari ce, kuma shi mutumin da ne. "Ba ni tambayar lahiyarta, ba a yi. Uwar tac ce min tana ɗan zazzaɓi. Ban san ta kwanta ba. Wallahi ban sani ba."

"Ina na'urar?"

"Rumbuna, bakin gona. Cikin dawa."

Cikin rabin awa aka dawo da akwatin, ƙaiƙayi duk a jikinsa. Batirin da sauran numfashi. Firdausi da Kofur suka shiga gidan. Tsohuwar ta fara sabon zagi, sai kuma aka ji ta yi tsit. Kofur ce ta gaya mata, ba kwana-kwana, cewa ba iska ke cin jikarta ba, daɓen da take alfahari da shi ne.

Firdausi ta fito ta miƙa wa manaja na'urar ya karanta da kansa. Sauran gidaje ba a yarda su wuce ɗari huɗu ba. Ɗakin Inna Saude ya haura dubu talatin.

Sufeto ya matso kusa da shi. "Lirwanu zai amsa laihin sata da sa hannun ƙarya, ba ni da yadda za ni yi. Kai naka laihin babu shi a littahinmu, shi ya sa za ka kwana gida. Da ka buɗe baki ka gaya ma mutanenka abin da ke gabansu, da ba mu zo nan ba. Kana da yau da gobe. Ga zaure can, je ka roƙe ta."

Nuraddeen ya tsaya kamar zai yi gardama. Sai ya tafi zauren, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofar ciki.

"Inna," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "don Allah a ba mu ɗakin."

Muryar tsohuwar ta fito daga ciki.

"Namiji ba shi shiga. Ku ba mata shebur."

Firdausi ta riga ta tafi nemo matan unguwa. Abin da wani zai iya faɗa tun sati uku da suka wuce ke nan, da an tambaya.

Aka sa wa Lirwanu ankwa, aka hau da shi bayan mota. Mazan garin sun taru. Sufeto ya ce ba za a jira Litinin da yarinyar ba, Anka za a wuce da ita yanzu, kafin hadarin ya iso. Kofur Sa'a ta fito da ita a kafaɗa, nannaɗe cikin zane, ƙafafunta na reto. Gaban mota ba wuri, dole ta hau baya, ta zauna daura da mai laifi.

Lirwanu ya juya fuskarsa gefe, kamar yadda ya saba yi shekara huɗu. Bai iya daɗewa a haka ba.

"Yallaɓai," ya ce, "kwance min hannu guda."

Sufeto ya dube shi, ya dubi jama'ar da ke kallo. Ya zaro makulli ya buɗe ɗaya, ya maƙala ɗayan a ƙarfen motar. Kofur ta ɗora masa yarinyar a cinya. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ya riƙe ta a karkace, irin riƙon wanda bai taɓa ɗaukarta ba.

Ya sunkuya daidai kunnenta, a gaban duk mutanen garin.

"Dija," ya ce. "Dija, Baba na."

Idanunta a buɗe suke, amma ba ta juyo ba. Ya sake kira, da ƙarfi. Sufeto ya shiga gaba ya ja ƙofa, ya ce wa Bello ya taka mota.